“Za mu duba” a bakin Bajapane: tambayoyi da amsoshi kan sakaya zance da nauyin da ke wuyan shugaba

Masu hulɗa da kamfanonin Japan, ko ’yan kasuwar da ke sayo motoci da injuna ko ɗaliban da suka tafi can ƙaro ilimi, kusan kukansu ɗaya ne: an zauna, an yi murmushi, an yi ta gyaɗa kai, an rabu lafiya, daga nan sai shiru. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan ɗabi’a, da kan wani gefenta da ba a cika dubawa ba, wato abin da take ɗora wa mutumin da ke riƙe da ragamar ma’aikata.

Da gaske ne Bajapane ba ya cewa “a’a”?

Kalmar tana nan a harshensu, iie, kuma yana faɗinta idan ka tambaye shi ko jirgin ƙasa ya wuce. Inda yake ƙyamarta shi ne wajen ƙin buƙatar mutum ido da ido, musamman a wurin aiki.

A ce ka kai tayin ciniki wani ofishi a Nagoya. Kana bayani, wanda ke gabanka yana ta “hai, hai”. Kai ka karanta a littafi cewa hai na nufin “e”, zuciyarka ta yi fari. Alhali wannan hai ɗin ɗan’uwan “to, to” ne da muke yi wa mai ba da labari, ma’anarsa “ina jinka”. Da ka gama sai ya ɗan karkata kai, ya ja iska ta tsakanin haƙora kamar wanda ya kurɓi shayi mai zafi, ya ce muzukashii desu ne, wato “abin da ɗan wuya”. Ko ya ce kentou shimasu, “za mu nazarta”. Ko kuma ya fara jimla da chotto, “ɗan…”, ya bar ta a rataye bai ƙarasa ba. A wajensa ya riga ya ba ka amsa ƙarara, kuma amsar ita ce ba zai yiwu ba. Idan ka ce “to bari mu ga yadda za a sauƙaƙa wuyar”, kai ne ka kasa ji, ba shi ne ya kasa faɗa ba.

Wannan ba fuska biyu ba ce?

Su ba haka suke kallonsa ba. Suna da kalmomi biyu da kowane yaro ya sani: honne, abin da ke cikin zuciya, da tatemae, abin da ake bayyanawa a bainar jama’a. Kowa ya san akwai biyun, don haka babu wanda ake yaudara muddin duka ɓangarorin sun iya wasan. Bahaushe bai kamata ya sha mamaki ba. Wanda ya taso inda ake yi wa suruki kara, inda baƙo kan ce “alhamdu lillahi, na ƙoshi” da yunwa a cikinsa, inda “sai ka ji ni” kan zama rufe ƙofa, ya san kawaici daban, ƙarya daban. Bambancin kawai, Japanawa sun shigar da abin cikin tsarin manyan kamfanoni masu dubban ma’aikata, inda rashin fahimtar jimla ɗaya kan iya cinye biliyoyi.

Gwanintar da ake nema ga mutum suna kiranta kuuki wo yomu, “karanta iska”: ka shigo ɗaki ka gane yanayinsa ba tare da an faɗa maka ba. Wanda bai iya ba, matasa kan yi masa laƙabi da haruffa biyu, KY, kuma ba yabo ba ne.

Daga ina abin ya samo asali?

Akan kai shi nesa. A shekarar 604 Yarima Shotoku ya fitar da ƙa’idoji 17 na tafiyar da mulki, kuma ta farkonsu ta ce a girmama wa, wato jituwa. Wasu kan danganta shi da noman shinkafa, inda ƙauye guda ke raba ruwan magudana ɗaya, don haka ba ka iya ɓata da maƙwabci. Harshen ma ya taimaka, domin yana da tsarin girmamawa da ake kira keigo, inda kalmar “zuwa” ko “ci” kan canza gaba ɗaya dangane da wanda kake magana da shi.

Ni dai dalilin da ya fi gamsar da ni na kusa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kamfanoni sun saba ɗaukar matasa daga jami’a a watan Afrilu, su riƙe su har ritaya. Mutumin da ka san za ka zauna da shi ofishi ɗaya shekara talatin da wani abu, wanda wataƙila gobe shi ne maigidanka, ba za ka ƙaryata shi a gaban mutane ba.

Idan ba a musu a taro, yaya ake yanke shawara?

Ba a taron ake yanke ta ba. Taro bikin sanar da abin da aka gama ne.

Aikin gaske sunansa nemawashi. Kalmar ta masu lambu ce: kafin a ciro babbar bishiya a dasa ta wani wuri, sai an yi watanni ana haƙa kewaye da saiwarta ana datse ta a hankali, don kada ta mutu a ranar ƙaura. Haka mai sabuwar shawara ke yi. Ya tari wannan a baranda, ya sha shayi da wancan, ya ji ƙorafin kowa a keɓe, ya gyara, ya sake zagayawa. Duk mai adawa ya faɗi ta cikinsa inda babu mai kallo. Babban laifi shi ne a bar wani babba ya fara jin magana a teburin taro. Zai iya kashe ta ba don ba ta da kyau ba, sai don ba a bi ta ƙofarsa ba.

Sai kuma ringi. Ana rubuta shawarar a takarda, ta taso daga ƙasa tana hawa, kowane mai muƙami yana buga mata ɗan hatiminsa na jan tawada, hanko. A wasu ma’aikatu, musamman na harkar kuɗi, har an san al’adar ƙaramin ma’aikaci ya ɗan karkatar da hatiminsa zuwa ɓangaren na maigida, ya zama kamar hatimin ma yana rusunawa. Kafin takardar ta isa teburin shugaba ta cika da jajayen tambura.

Amfanin wannan a fili yake: ana jinkiri wajen yankewa, amma da an yanke aiki na tafiya kamar ruwa, tunda babu wanda za a tsaya lallashi. Illarsa kuwa, idan abu ya lalace, wa za a kama? Tambari goma sha biyu ne a kan takardar. Kowa ya amince, ba wanda ya yanke. A nan ne ido ke komawa kan mutum ɗaya.

To ina nauyin yake? Ai shugaban da kowa ke rusuna wa ya huta.

Daga waje haka ake gani. Amma ka tuna mutanen da ke ƙarƙashinsa sun ƙware wajen karanta iska, kuma iskarsa suka fi karantawa. Idan ya ɗaure fuska lokacin da ake karanta wani adadi, an ɗauka umarni ne. Idan ya ce “da dai za a iya ƙara ƙoƙari”, wani a hawa na uku zai kwana a ofis. Ba ya da damar yin tunani a bayyane, domin tunaninsa kan zama doka kafin ya kammala shi.

Wannan shi ne sontaku: ka hango abin da babba ke so, ka aikata ba tare da ya buɗe baki ba. Tsohuwar kalma ce, amma ta yi tashe a 2017 har aka zaɓe ta cikin kalmomin shekara, saboda badaƙalar Moritomo, inda aka sayar wa wata makaranta a Osaka filin gwamnati da rangwame mai yawan gaske, makarantar da matar Firaministan lokacin, Shinzo Abe, ke riƙe da muƙamin girmamawa a cikinta. Abe ya ce bai ba kowa umarni ba. Tambayar da ta hana ’yan ƙasar barci ita ce: ana ma buƙatar umarnin? A watan Maris na 2018 ma’aikatar kuɗi ta amsa cewa an sauya takardun cinikin, kuma wani jami’in da aka sa ya yi sauyin ya kashe kansa.

A ɓangaren kasuwanci, Toshiba ce misali. A 2015 kwamitin bincike ya gano kamfanin ya kumbura ribarsa da sama da yen (kuɗin Japan) biliyan 150 cikin kusan shekara bakwai. Shugabanni kan ɗora wa sassa burin riba da suke kira “ƙalubale”, har akwai lokacin da aka nemi sashen kwamfuta ya samo ƙarin yen biliyan 12 cikin kwana uku. Na ƙasa ba su iya cewa ba zai yiwu ba, sai suka gyara alƙaluma. Rahoton ya ce a kamfanin akwai al’adar da ba a iya saɓa wa son ran na sama. Shugaban lokacin, Hisao Tanaka, ya sauka a watan Yuli na shekarar, yana mai cewa bai umarci kowa da yin maguɗi ba. Kada a ji tausayin waɗannan shugabanni fiye da kima. Wanda ya nemi riba cikin kwana uku ya san ba daga sama za ta faɗo ba, kuma sakaya zance ya yi masa rana, tunda ya sami abin da yake so hannunsa bai taɓa takarda ba. Amma shugaban kirki ma yana cikin tarkon nan, sai dai shi bai san an ɗana ba.

Me ya sa mummunan labari ba ya isa sama da wuri?

Saboda hanyar da labari ke bi, a kowane hawa ana ɗan tausasa shi. Injiniya ya ce wa shugaban rukuni “akwai ɗan abin dubawa”. Shi kuma ya ce wa na gaba “ana kan dubawa”. Kafin a kai ƙoli ya zama “komai na tafiya daidai”. Ba wanda ya yi ƙarya tsagwaronta, amma gaskiyar ta narke a hanya.

Kamfanonin sun san da ciwon. Tun shekarun 1980 ake koya wa sabon ma’aikaci horenso, wanda aka haɗa daga farkon kalmomi uku: kai rahoto, sanarwa, neman shawara (kalmar kuma na nufin alayyafo, shi ya sa take da sauƙin riƙewa). A masana’antar Toyota akwai igiyar andon da kowane lebura ke da ikon ja idan ya ga matsala, layin ya tsaya in ta kama. Wato sai da aka ƙirƙiro igiya don a sauƙaƙa wa ƙaramin ma’aikaci faɗin abin da bakinsa zai yi nauyin faɗa.

Duk da haka ana samun ɓaraka. A Disamban 2023 Daihatsu ya dakatar da fitar da motoci bayan bincike ya bankaɗo maguɗi a gwaje-gwajen lafiyar mota, wasu tun 1989. Masu binciken sun ɗora laifin kan matsin wa’adi da kuma yanayin da ba a iya cewa “ba za mu gama a kan lokaci ba”. A Olympus kuwa, kamfanin kyamara da kayan asibiti, wani Bature ɗan Ingila, Michael Woodford, wanda ya shekara talatin a kamfanin, ya zama shugaba a 2011, ya fara tambaya kai tsaye kan wasu maƙudan kuɗi da aka biya. Ranar 14 ga Oktoba hukumar daraktoci ta tsige shi, ta ce salonsa bai dace da na gidan ba. Bayan ’yan makonni kamfanin ya amsa cewa ya ɓoye asarar da ta kai kusan dala biliyan 1.7 tun shekarun 1990. Hatta shugaban kwamitin majalisa da ya binciki haɗarin nukiliya na Fukushima, Kiyoshi Kurokawa, ya rubuta a 2012 cewa tushen bala’in na cikin ɗabi’ar biyayya ba tambaya da nauyin baki wajen ƙalubalantar na gaba.

Wannan rusunawa da muke gani a talabijin, ta gaske ce ko wasan kwaikwayo?

Duka biyun. Akwai tsari: baƙaƙen kwat, a jeru a bayan dogon tebur, a miƙe tare, a sunkuya sosai a daɗe, kyamarori na ta walƙiya. Har akwai masu sana’ar horar da shugabanni yadda ake yi. Wani lokacin ma a “sauka” daga kujera a koma mai ba da shawara, da ofis da mota.

Amma akwai waɗanda ba wanda zai kira su wasa. Ranar 24 ga Nuwamban 1997 kamfanin hada-hadar hannun jari na Yamaichi, mai shekara ɗari cif, ya sanar da rufewa saboda ɓoyayyen bashi na kusan yen biliyan 260. Shugabansa Shohei Nozawa wata uku kacal ya yi a kujerar, kuma sai da ya hau ya san da ramin. Ya tsaya gaban ’yan jarida yana kuka da hawaye, yana cewa laifin na shugabanni ne, ma’aikata ba su da laifi, a taimaka a ba su aiki. Ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi, kuma har yau fuskarsa ce ake tunawa idan an ambaci durƙushewar.

Haka a 1985, lokacin da jirgin Japan Airlines mai lamba 123 ya faɗi kan tsauni a lardin Gunma ranar 12 ga Agusta, mutum 520 suka mutu. Bincike ya nuna kuskuren gyaran da Boeing, kamfanin da ya ƙera shi, ya yi wa jirgin shekaru bakwai kafin nan ne sanadi. Duk da haka shugaban Japan Airlines, Yasumoto Takagi, ya bi iyalan mamatan yana ba da haƙuri, sannan ya ajiye aiki. A kamfanin wasannin bidiyo na Nintendo, shugabansa Satoru Iwata ya zabge rabin albashinsa a 2011, ya sake a 2014, lokacin da kasuwa ta juya baya, maimakon ya sallami ma’aikata. Babba juji ne, kuma a can sharar da ake zubawa har da wadda bai san an tara ba.

Tsakanin babban shugaba da na tsakiya, wa ya fi shan wuya?

Na tsakiya, ba ko tantama. Shugaban sashe, kacho, shi ne tafinta tsakanin harsuna biyu da ba a furta su. Daga sama ana jefo masa hannunka-mai-sanda, dole ya mai da shi aiki mai lamba da wa’adi. Daga ƙasa ana kawo masa shiru da sunkuyar da kai, dole ya gane wane ne ya kusa karyewa. Da yamma kuma ga nomikai, zaman ci da sha bayan aiki, inda a al’ada ake sassauta ɗamara, ƙarami ya faɗi ta cikinsa, washegari kowa ya yi kamar bai ji ba. Shi kacho ba hutawa ya je yi ba, sauraro ya je.

Doka ma ta ƙara masa kaya. Mai muƙamin gudanarwa ba a biyansa kuɗin ƙarin lokaci, abin da ya sa wasu kamfanoni ke raba muƙamin suna kawai. A Janairun 2008 wata kotu a Tokyo ta umarci McDonald’s na Japan ya biya wani manajan shago haƙƙinsa kan wannan. Bayan mutuwar wata ma’aikaciyar kamfanin talla na Dentsu mai shekara 24 a Disamban 2015, wadda hukuma ta danganta da yawan aiki, shugaban kamfanin ya sauka, kuma daga Afrilun 2019 aka kafa iyaka: ƙarin lokaci kada ya wuce awa 45 a wata da 360 a shekara, sai a yanayi na musamman. Gyara ne mai kyau. Sai dai aikin bai ragu ba, don haka abin da yara suka bari ƙarfe shida, sau da yawa kacho ne ke ƙarasa shi, tunda iyakar ba ta hau kansa yadda ta hau kansu ba. Daga Yunin 2020 kuma doka ta wajabta wa manyan kamfanoni hana cin zalin na ƙasa, sai ga manajoji suna tsoron gyara kuskure da kakkausar murya. Ba mamaki matasa da yawa ke gudun ƙarin girma.

Masu ƙananan kamfanoni fa?

Su ne kashi 99.7 cikin ɗari na kamfanonin ƙasar, kuma nasu nauyin ya fi ɓoyuwa. An daɗe bankuna na sa mai kamfani ya tsaya wa bashin kamfanin da dukiyarsa ta kansa, ta yadda idan masana’anta ta faɗi gidan kwanansa ma ya tafi. Sai a 2014 aka fara aiki da ƙa’idojin sassauta wannan. Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba ya faɗa wa ma’aikata, don kada su tsorata. Ba ya faɗa wa banki, don kada a janye. Sau da yawa ba ya faɗa wa matarsa.

Ga kuma rashin magaji. Da yawansu sun haura saba’in, ’ya’ya sun tafi Tokyo. Tsohuwar dabara ita ce a ɗauki surukin da ya iya aiki a mai da shi ɗa, ya ɗauki sunan gidan. Osamu Suzuki, wanda ya jagoranci kamfanin motoci da babura na Suzuki fiye da shekara arba’in, ta haka ya shigo.

Abin yana canzawa?

Yana canzawa, a hankali. A 2020 gwamnati ta sanar da soke buƙatar hanko a mafi yawan takardunta, aiki daga gida lokacin korona ya rage nomikai, matasa na sauya wurin aiki fiye da iyayensu. Amma dubi wata sana’a da ta bunƙasa a ’yan shekarun nan, taishoku daiko: ka biya kamar yen dubu ashirin ko talatin, wani kamfani ya kira maigidanka ya ce masa daga yau ka bar aiki. Matashin ya iya tafiya, faɗin “na tafi” ne ya gagare shi. Manajan kuma da safe ya ɗaga waya, baƙuwar murya ta sanar da shi cewa yaron da jiya ya ce masa “ba komai” ba zai sake dawowa ba.

Ina shirin ciniki da wani kamfanin Japan. Me zan kiyaye?

Kada ka tambayi “e ko a’a” a gaban mutane. Nemi ƙaramin jami’in da aka haɗa ka da shi, ka tambaye shi a keɓe me ke damun manyansa. Yawanci zai faɗa maka, don shi ma yana son nemawashi ɗinsa ya yi kyau. Aika takardunka kwanaki kafin zama. Idan an yi shiru a taro, kada ka yi gaggawar cike shi da rage farashi, ƙila tunani ake yi. Alamar amincewa ta gaske ba murmushi ba ce, tambayoyi ne masu gajiyarwa: wace rana kaya za su isa tashar ruwa, wa zai sa hannu, nawa ne nauyin kowane kwali.

Sannan ka kula da naka bakin. Idan ka ce “ba damuwa, zuwa Litinin in sha Allahu” don kawai a rabu da daɗi, shi ya riga ya rubuta Litinin a takardar da za ta bi tebur goma tana karɓar tambari. Idan ka ga kaya za su makara, kira shi tun ranar Alhamis.